Gangare

Shekara goma sha tara ina jan birki
a keken katako mai hawa tudun Valparaíso.
Waya na ja, ƙarfe na kuka,
jiragen ruwa na ƙanƙancewa a ƙasa.
Na san tudun nan a gwiwata,
ban san yana da lamba ba.

'Yata Maite ta faɗi jarrabawar lissafi,
ta cilla littafin bayan firiji.
Da sandar tsintsiya na zaro shi,
na buɗe, sai ga harafi
ya miƙe ƙafa a mazaunin lamba.
Na ce, wane baƙo ne wannan, ba ko sallama?

Ran Litinin na shiga ajin dare.
Mu goma sha ɗaya, har da mai gasa burodi
da ke zuwa da fulawa a gira.
Malam Baltasar Huenchul, gajere, mai yawan tari,
ya ce harafin ba baƙo ba ne,
ɗan gida ne ya rufe fuska.
Abin da kika yi wa dama, ki yi wa hagu,
sikeli ba ya son son kai.
Na ɗebe bakwai nan, na ɗebe bakwai can,
na raba da uku,
mayafi ya zame:
ashe biyar ce.

Wata biyu muna rigima da alamar ɗebewa.
Wai bashi sau bashi ya zama riba?
A unguwarmu ba a taɓa jin haka ba.
Na yi kuka sau ɗaya, a banɗakin makaranta,
na wanke fuska, na koma kujerata.

Sai daren da ya ja layi a karkace a allo.
Nawa kika hau, nawa kika matsa gaba,
raba na farko da na biyu,
sunansa gangare.
Alli bai gama sauka daga hannunsa ba
na ji ƙarar wayata a kunne.

Da asuba, kafin fasinjan farko,
na sauka gefen dogo da awon tela.
Uku sama, huɗu gaba.
Tara da sha shida, ashirin da biyar.
Na shimfiɗa awon a kan ƙarfen,
biyar cif.
Na tsaya cikin hazon teku ina dariya ni kaɗai,
karen tasha na kallona.

Da muka kai darasin iyaka
rabin aji ya gudu.
Malam ya ce a rage tazara rabi,
a sake rage rabin rabi,
a yi ta matsowa, a dubi inda aka dosa.
Na ɗaga hannu, karon farko.
Na ce ai haka nake tsayar da keke,
taku biyu, taku ɗaya, rabin taku, faɗin yatsa,
har bakin dakali ya sumbaci ƙofa
ba wanda kofinsa ya zube.
Ya yi tari, ya ce, Eloísa,
hannunki ya riga kanki zuwa aji.

Huɗu da ɗigo shida na samu cikin bakwai.
Ba abin buga ganga ba ne.
Har yau sifili in ya zauna a ƙasan layi
gabana faɗuwa yake.

Jiya da dare ina yanka albasa,
Maite ta jawo takardata daga ƙarƙashin kwano.
Ta daɗe shiru.
Ta ce, Mama, tambaya ta tara,
kin manta alamar ɗebewa.
Na ce nuna mini.
Ta jawo kujera,
ta nemi fensir,
miya ta ƙone a kan wuta.